Motar da Aka Rage wa Nauyi a Riyad

Mun bar Makka da asuba, ana sallame salla muka ja akwatunanmu zuwa tashar bas, ni da maigida. Umra ta kammala, alhamdu lillahi, amma da sauran aiki ɗaya a kaina, wanda tun daga Kano yake hana ni sakewa. Ranar da za mu taso Inna ta riƙe hannuna ta ce, "In kin gama da Ɗakin Allah, ki je Riyad ki taho mini da Auta. In ba zai taho ba, ki taho mini da dalili." Ciwon suga ya fara cin idonta. Ta ce tana so ta gan shi tun tana iya bambance fuskar mutum da labulen ƙofa.

Auta ƙanina ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Makaniki ne, a Ƙofar Ruwa ya koyi aiki, har da walda. Shekararsa huɗu a Riyad bai leƙo gida ko sau ɗaya ba. A takardar zamansa, wadda a can suke kira iƙama, direban gida aka rubuta shi, kuma mai irin wannan takarda ba ya barin ƙasar sai uban gidansa ya ba shi izinin fita da dawowa. Shekara biyun farko ya ce sai wa'adin aikin ya cika. Da ya cika sai maganar mota ta shigo. Duk lokacin da muka tambaye shi a waya amsa ɗaya ce: "Sai an gama motar, Yaya." Ni na ɗauka wata mota ce ta yi mummunan haɗari ake ta fama da ita. Har addu'a na sha yi wa waɗanda abin ya rutsa da su.

Hanyar Makka zuwa Riyad kusan yini guda ce. Da farko duwatsu ne baƙaƙe ta wajen Ɗa'ifa, daga nan ƙasa ta shimfiɗe, titi ya miƙe kamar an ja zare. Na yi ta jiran mu faɗa rami ko guda ɗaya don jikina ya san a mota yake, shiru. Gefe da gefe an ja shingen waya saboda raƙuma, kuma a wani wuri na ga gada da aka gina musu su kaɗai don su tsallake titi. Na taɓa maigida na nuna masa, ya buɗe ido ɗaya ya ce masha Allah, ya koma barcinsa. Sanyin bas ɗin kuwa ya wuce ƙa'ida. Waje rana na ƙona yashi, mu a ciki muna lulluɓe da hijabi biyu.

Da azahar muka tsaya a wani gidan mai mai masallaci da wurin abinci. Muka sayi kabsa da rabin kaza a kan riyal ashirin da biyu, shinkafar ta ishi mutum uku amma ba yaji ko na shaida, sai da na zaro ɗan ƙullin yajina daga jaka. Shayi riyal biyu, zaƙi kamar za a yi alewa da shi. Ɓangaren mata na masallacin ƙarami ne, famfo ɗaya ke zuba, muka yi layi da wasu mata 'yan Indonesiya muna ta yi wa juna murmushi tunda ba harshe. A nan na duba gorata ta Zamzam, 'yar ƙarama ta roba da na cika a Harami. Na ɗaura mata ƙyallen atamfa a wuya don kada ta ɓace cikin na jama'a. Ku riƙe zancen gorar nan, za ta dawo.

Da la'asar sakaliya muka wuce tuddan yashi jajaye, bas ya hau wata hanya da aka yanka ta tsakiyar dutse, sai ga Riyad ta bazu a gabanmu. Ba ta yi kama da Makka ba ko kaɗan. Gari ne na motoci, titi a kan titi, kowa na sauri, mata ma na tuƙi da baƙin tabarau kamar da shi aka haife su. Masaukinmu a Suwaidi yake, gidan wani ɗalibin ilimi ɗan Maraɗi da matarsa. Unguwa ce cunkushe, shaguna a ƙasa gidaje a sama, kowane lungu da mai gasa gurasar tamis. Na ba matar gidan kuka da daddawa da na riƙo mata tun daga Kano, ta rungume ledar kamar na ba ta gwal.

Auta ya zo da magariba. Sai da ya yi sallama sau biyu kafin na yarda shi ne. Yaron da ya bar gida da kumatu, yanzu agogo na yawo a hannunsa, duk damtsensa ɗigo-ɗigon ƙunar walda. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina ƙare masa kallo. Da ya ci tuwo ya ɗan dawo hayyacinsa na tambaye shi jikin waɗanda suka yi haɗarin. Ya ce wane haɗari. Na ce na motar. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Yaya, lafiyarta ƙalau. Sabuwa aka saye ta. Mayar da ita ta tsere muke yi."

Na ce to in tana da lafiya me ake gyarawa kusan shekara biyu. Ya ce in zo in gani da idona, ya nemi izini, kuma ranar Asabar za a kai ta fili a gwada. In ta yi kyau, uban gidansa ya yi alkawarin ba shi hutu. Na tambaye shi alkawari na nawa ke nan. Ya ce a ƙara masa miya.

Washegari da safe matar gidan ta kai ni kasuwar Aziziya, inda ake sarin kayan lambu da na marmari. Tumatir akwati-akwati, rumman jajaye, dabino kala-kala har na rasa na zaɓa. Akwatin tumatir riyal goma sha biyar, na yi ta juya shi zuwa naira a kaina har na ji jiri na daina. Abin da ya fi tsaya mini shi ne Hausa da nake ji ta ko'ina. 'Yan Maraɗi da Damagaram ne ke turin kaya, suna haɗa ta da Larabci: "Hajiya, kam akwati? A kai sayyara?" wato akwati nawa, a kai mota. Wani dattijo a cikinsu, gemu fari fat, ya ɗauko mana kaya a kafaɗa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da gida, ya ce, "Bukra insha Allah, Hajiya," ya yi dariya. Matar gidan ta ce mini haka masu gida ke ce musu, wato gobe, har ya zama abin da suke tsokanar juna da shi. Ni ban ga abin dariya ba.

Da hantsi Auta ya zo ya ɗauke mu ni da maigida. Muka bi ta gefen Dir'iyya, inda tsofaffin gine-ginen ƙasa irin namu na cikin birni suke tsaye, injinan ɗaga kaya sun kewaye su sama da ƙasa. Ginin da mu muke rushewa mu sa bulo, su shi suke lallaɓawa. Can bayan gari muka shiga wani gida mai katanga da 'yan itatuwan dabino, irin wanda suke kira istiraha, wato gidan hutawa. A nan garejin yake.

'Yan uwa, na ga mota. Shuɗiya ce, gajera, ta kwanta a ƙasa kamar kadangare, da wani fiffike a bayanta kamar an ɗora allon guga. Daga waje ba abin da za ka ce sai tubarkalla. Da Auta ya buɗe ƙofa na leƙa, sai na ja da baya. Ba komai a ciki. An yashe ta kamar kazar da aka gyara za a soya. Ba kafet, ba rufin sama, ba rediyo, jikin ƙofar ma ƙarfe ne tsirara da 'yar igiya da ake ja a buɗe. Bututan ƙarfe sun kewaye cikinta kamar kejin kaji. Kujera ɗaya tal, mai zurfi kamar turmi, da bel mai igiya shida. Gefenta 'yar tukunyar kashe gobara a ɗaure.

A bayan garejin aka tara abin da aka ciro. Kujerun fata masu laushi, launin madara, ƙura ta hau su. Na zauna a kan ɗaya, wallahi duk gidana ba kujerar da ta kama ƙafarta. Na fara nuna kaya ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Kujerun me suka yi? "Nauyi ne, Yaya." Lasifikan? "Nauyi." Gilashin gefe da aka sauya da roba? "Nauyi." Na nuna wani tarin bututu da fanka, ya ce esin motar ne. A garin da zafi ke narka takalmi, an cire wa mota esi da gangan. Har ɗan ramin da ake ajiye kofi sun ɓalle.

Ya nuna mini sikeli guda huɗu, kowace taya da nata, domin ba jimillar nauyin kaɗai suke so ba, sai sun san yadda ya rabu a kowace kusurwa. Ya nuna mini sabon birki mai faɗin faranti, da man birki na musamman wanda ba ya tafasa in ya ɗau zafi, da jan makunni da ake murɗawa a kashe wutar motar gaba ɗaya. In faɗi gaskiya, yana bayanin nan idonsa na haske. Kejin ƙarfen shi ya yi waldarsa, ya ce in motar ta kife shi zai hana rufin danne direba. Ya shafa wurin haɗin kamar mai shafa kan jariri. Na ji daɗi a raina cewa ɗan Inna ne ya yi wannan, na kuma ji haushi cewa Inna ba ta san da shi ba.

Sai idona ya faɗa kan tayoyi. Sumul, ba zane ko ɗaya, kamar tayar tsohuwar motar haya da ta shekara biyar tana Kano zuwa Gusau. Irin tayar da ta kashe mana maƙwabci a hanyar Zariya. Na ce wa Auta, mutum ya kashe wannan dukiya a kan mota sannan ya yi rowar taya? Ya ce sababbi ne, haka ake yin su, a busasshen fili sun fi kama ƙasa. Na dubi maigida, ya ce shi fannin Nahawu ya karanta. Ban yarda da bayanin ba a lokacin, kuma har yanzu rabin zuciyata bai yarda ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ɗakin Auta. Yana jikin garejin, bango ɗaya ya raba su. Garejin esi biyu ke aiki dare da rana don kada zafi ya taɓa tayoyi da fenti. Na ɗakinsa ya mutu tun bazarar bara, fanka ce ke juya iska mai ɗumi. Ya ce ba komai, in zafi ya yi yawa yana shimfiɗa tabarma kusa da motar.

Muna nan mai motar, wato uban gidan Auta, ya iso. Na shirya ganin azzalumi mai jan ido, sai ga matashi bai fi talatin ba, fara'a har kunne. Ya ce mini khala, wato gwaggo, ya sa aka kawo gahawa da dabino, ya dafa kafaɗar Auta ya ce hannunsa zinare ne. Maigida malamin Islamiyya ne, Larabcinsa na littafi, da ya fara gaisuwa sai saurayin ya gyara tsayuwa kamar an fara huɗuba. Na yi ta taka ƙafar maigida don ya sako maganar hutu. Bai sako ba. A mota na tambaye shi dalili, ya ce ya ji nauyi, ba a yi wa mutum irin wannan magana ana shan gahawarsa. Na ce to, nauyin da aka cire wa mota ashe kanku aka ɗora shi.

Ranar Juma'a da yamma muka koma, za a ɗora motar a kan babbar motar ɗaukar kaya. Na ga kayan da mai motar zai sa a rataye: riga haɗe da wando mai kauri, safar hannu, hular kwano. Na tsaya ina lissafi irin na uwa. Mutum cikin wannan kaya, a mota ba esi, tagogi a rufe, taya ba zane, kuma ba ko wurin ajiye ruwa. Haushinsa nake ji, amma shi ma wata ce ta haife shi. Kuma mu a gidanmu ba a taɓa barin mutum ya hau hanya ba guzuri, ko maƙiyinka ne ka ba shi ruwa. Da su Auta suka zagaya baya suna ɗaure sarƙa, na zaro gorata ta Zamzam, na yi bismilla, na cusa ta a bayan kujerar, can ƙasa inda ba za ta dame shi ba. Ban gaya wa kowa ba, don na san amsar da za a ba ni: nauyi ne.

Asabar da sassafe muka tafi filin tseren, tafiyar kusan awa ɗaya cikin duwatsu. Titi ne baƙi mai lanƙwasa da yawa, ya zagaya ya dawo inda ya fara. Wato duk wannan wahala don a je inda aka taso. Motoci sun fi ashirin, kowacce da rugugi kamar hadarin Agusta, ƙaurin roba da fetur ya cika hanci. Ruwan gora da ake sayarwa riyal ɗaya a Suwaidi, a nan biyar ne. Wani ma'aikaci mai riƙe da allo ya duba motar, ya ja bel, ya taɓa tukunyar gobara, ya leƙa ciki, ya manna mata takarda. Auta ya durƙusa yana auna iskar kowace taya, bakinsa na motsi, na san addu'a yake yi.

Zagaye na farko a hankali aka yi, wai don tayoyi su ɗau ɗumi. A na biyu motar ta wuce ta gabanmu kamar an harba ta, ƙarar ta shiga har haƙorina. A ƙarshen miƙaƙƙen wurin akwai kwana, inda kowace mota ke rage gudu. Tamu ta ɗan rage, sannan ta ƙi. Ta miƙe kai tsaye ta bar titi ta faɗa wani fili da aka zuba tsakuwa saboda irin haka. Ƙura ta tashi ta rufe ta. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, ina ta innalillahi. Da ƙurar ta lafa sai na ga ƙofa ta buɗe, mai motar ya fito da ƙafarsa.

Aka jawo motar, leɓen gabanta na ƙasa ya tsage. Mai motar ya sauko daga motar agaji, ya cire hular kwano, fuskar nan ba sauran fara'a. A hannunsa gora ce 'yar ƙarama da ƙyallen atamfa a wuya. Ashe birkin da ya taka a zagayen farko ya zazzago ta, ta gangara gaba, ta shige ƙarƙashin abin taka birki. Ya taka, gorar ta tokare.

Ya nufi Auta yana ɗaga ta sama, yana faɗa cikin Larabcin da ko maigida ba ya kamawa duka. Kalma biyu na gane, domin na ji su a kasuwa: ijaza, wato hutu, da ma fi, wato babu. Mutane suka taru. Auta ya dubi gorar. Atamfar nan ya san ta, zanin Inna ne na yage. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Asif," wato a yi haƙuri, ya ɗauki laifin.

Ni ban taɓa magana a gaban taron maza ba. Ko a bikin 'yata sai da na wakilta wata. Amma na ga hutun yaron nan yana tafiya saboda ni, na ga Inna zaune a bakin ƙofa tana kasa kunne. Na miƙe na kakkaɓe abayata na ce wa maigida, "Malam, taso ka fassara."

Ya ce, "Hajiya, bari ya huce tukuna."

Na ce, "In ya huce mun tafi. Ka ce masa ni na sa."

Ya faɗa. Na ce a gaya masa na yi kuskure babba, na kusa kashe shi, ya yafe mini don Allah, kuma ƙanina bai sani ba. Maigida ya fassara wannan da kyau, har da ƙari. Da a nan na tsaya da an ce ni mai hankali ce. Amma bakina ya riga ya buɗe. Na ce a gaya masa na ga sikeli huɗu a garejinsa, ya san nauyin kowane ƙarfe a motar nan, to ya taɓa duban yaron da ke kwance su ya ga nawa ya rage a jikinsa? Na ce taya na kwana a esi, mai ɗaura ta na kwana a fanka. Na ce shekara huɗu uwarsa na ƙirga watanni, idonta na rufewa, ana ce mata sai an gama mota.

Maigida ya yi jimla ɗaya gajera ya tsaya. Na ce, "Malam, abin da na faɗa ya fi haka tsawo." Ya share gumi ya sake farawa, cikin Larabcin nan nasa na mumbari, kalma bayan kalma. Wani a cikin masu kallo ya ce sadaƙat, wato ta yi gaskiya, wani ya ja shi gefe.

Mai motar ya dubi gorar ya tambaya mene ne a ciki. Aka ce Zamzam. Ya ce na waye. Na ce nasa ne, na ga an cire masa wurin ruwa. Sannan ya zauna a kan tarin tayoyi, ya buɗe murfin, ya yi bismilla ya sha kusan rabi. Ya juya ga Auta ya tambaye shi, da gaske mahaifiyarsa ba ta da lafiya? Auta ya ce e. Ya ce me ya sa bai taɓa gaya masa ba. Ni na san amsar, nauyinsa Auta yake ji. Na so in ce wa saurayin, ashe sai uwa ta makance ɗa ke cancantar ganinta? Maigida ya ce wannan kam ba zai fassara ba, ko zan kai shi ƙara wajen Inna.

Sai mai motar ya zaro waya daga aljihun rigar tseren. Ya latsa, ya latsa, ya tambayi Auta lambar iƙamarsa, ya sake latsawa. Wayar Auta ta yi ƙara. Izinin fita da dawowa, kwana arba'in da biyar, da sharaɗin ya gyara leɓen da ya tsage kafin ya tafi. Na duba agogo don in riƙe abin a raina: bai kai minti uku ba. Abin da muka shekara biyu muna roƙon Allah a kansa, da shi yake yawo a aljihu. Na yi masa godiya, domin ya cancanci godiya, ya yafe mini abin da ba kowa zai yafe ba. Amma a hanyar komawa Suwaidi farin cikina a gauraye yake da takaici.

A cikin mota Auta ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Yaya, don Allah in kin zo gidana nan gaba, kada ki taimaka mini da komai." Maigida ya yi dariya har da buga cinya, shi da ya kasa buɗe baki a gaban gahawa.

Bayan kwana biyu muka koma Jidda muka hau jirgi. A wajen awon kaya akwatina ya wuce ƙa'ida da kilo uku, ma'aikacin ya ce sai na rage. Na durƙusa a gaban jama'a ina ciro dabino ina cusa wa maigida a jakar hannu, ina cewa a raina wannan ƙasa ba abin da ta sani sai rage nauyi. Mun sauka Kano lafiya, ramin farko da motar haya ta faɗa a hanyar gida na ce alhamdu lillahi, mun iso.

Tafiyar nan ta koya mini kada in ƙara sa hannu a aikin da ban sani ba, ko da niyyata ta kai Zamzam tsarki. Saura ƙiris in kashe ɗan mutane da alheri, kuma har yau in na tuna ƙurar nan sai na yi istigfari. Amma ta kuma nuna mini cewa kunyar nan da muke taƙama da ita wani lokaci cutarmu take yi. Auta ya ji nauyin uban gidansa shekara biyu, maigida ya ji nauyin gahawa, shi kuwa wanda ake jin nauyinsa bai ma san ana yi ba. Ina tuna dattijon nan na Aziziya mai farin gemu, ban san wa zai yi magana a madadinsa ba. Ku da kuke da 'yan uwa a can, ku daina karɓar "sai an gama" a waya. Ku tambaya me ake gamawa.

Auta ya iso bayanmu da kwana tara. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida, ta ji sallamarsa tun daga zaure ta ce kowa ya yi shiru. Ya durƙusa a gabanta, ta jawo fuskarsa kusa da tata sosai, ta juya shi wajen haske, ta ce ta gan shi. Sannan ta tambaye shi wane irin aiki ne wannan da ya riƙe shi. Ya rasa yadda zai yi mata bayani, ya ce, "Inna, mota muke rage wa nauyi."

Ta kama tsintsiyar hannunsa, ta zagaye ta da yatsa biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta ce, "Har da naka suka cire." Sannan ta ɗaga murya ta ce a ɗora tukunya.